Ranar da Malam Tsari Ya Sa Aka Shafe Bangon Asibiti

Akwai wani dattijo a wata unguwa da yaro da babba ke kira Malam Tsari. Shi ne shugaban kwamitin ci gaban unguwar, shekara tara ba a canja shi ba. Sunan daga bakinsa ya fito, don ba ya gama magana bai ce "a bi tsari" ba. Ko kujerun taro aka jera a karkace, sai ya tashi ya gyara su da hannunsa kafin ya yarda a fara.

In faɗa muku gaskiya, mutumin ba mugu ba ne. Ba ya cin amana, ba ya makara, ba ya raina aiki. Ciwonsa ɗaya ne tak: duk abin da bai bi ta kan teburinsa ba, a wajensa bai faru ba.

Kwamitin nasa mutum goma sha ɗaya ne, duk maza. Sau uku matan unguwa suna rubuto takarda suna neman a ba su kujera a ciki. Mai kawo takardar kullum ita ce wata mata mai shagon ɗinki a bakin titi, ta haura hamsin, tef ɗin awo ba ya barin wuyanta. Kowa Tela yake ce mata.

A zuwanta na uku ta ƙi ajiye takardar ta tafi. Ta tsaya a gaban teburin.

"Malam, ba kujerar kallo muke nema ba," in ji ta. "Muna son in an ce a ɗaga hannu, a ƙirga da namu."

"Kundin ƙungiya cewa ya yi magidanta," ya amsa, bai ko ɗago kai ba.

"A layinmu kaɗai gida shida mata ne ke riƙe da su. Su wane ne magidantan can?"

"Tela, duk abin da ke damun ku, ku faɗa wa mazajenku su kawo mana. Wadda ba ta da miji ta faɗa mini ni. A bi tsari."

Ta dube shi ta ce, "Allah ya ba ka kunnen ji, Malam." Ya ce amin, a zatonsa addu'a ce kawai. Takardar kuwa ta bi 'yan uwanta biyu cikin aljihun tebur.

Ba a yi wata guda ba sai ga wasiƙa daga ma'aikatar lafiya. Za a rage ƙananan asibitocin unguwanni. Ranar Alhamis masu dubawa za su zo, kuma duk asibitin da bai nuna cewa jama'arsa na bin marasa lafiya har gida ba, rufe shi za a yi. In aka rufe nasu, sai babban asibiti a ɗaya ƙarshen gari, mota biyu ake hawa kafin a kai, a kuma tarar da layi.

Asibitin nasu ba wani babba ba ne. Ɗaki uku ne da baranda, da benci biyu, da ma'aikaciyar jinya guda ɗaya da ake kira Sista. Amma shi ne unguwar ke da shi.

Malam Tsari ya ɗauki abin da zafi, kuma a nan ba ni da abin cewa a kansa. Ya sa aka nome ciyawar harabar, aka gyara ƙofar da ke ƙara, aka kira mai fenti. Ranar Talata da safe ya zo zagaye da kansa. Sista ba ta nan, ta tafi karɓo allurar rigakafi, sai yamma za ta dawo.

Ya duba ɗakin farko, ya duba na biyu, ya gyaɗa kai. Da ya tura ƙofar ɗakin baya, inda mata ke taruwa duk Asabar, sai ya tsaya cak.

Bango guda, tun daga ƙasa har inda hannu ke kaiwa, cike yake da zane. Ƙananan akwatuna a jere, layuka a tsaye da a kwance, da'ira ja, ɗigo shuɗi, gicciye da gawayi, wani wurin ma har da jan farce. An goge wani an sake zana wani a kansa. Babu harafi ko ɗaya.

"Dubi ƙazanta," ya ce. "Wannan ne baƙi za su gani? Su zo nan su yi ta hira, su bar yara suna ɓata bangon hukuma."

Mai fenti ya matso ya ɗaga kai. "Malam, anya na yara ne? Dubi can sama fa, yaro ba zai kai can ba. Ko a jira Sista?"

"Fenti aka kira ka ka yi ko bincike? Ka fara wanke shi tas da ruwa da soso, kada datti ya fito ta ƙarƙashi. Sannan fari, shafi biyu."

Mai fenti ya ɗaga kafaɗa ya ɗebo ruwa. Malam Tsari bai bar wurin ba sai da ya ga ruwan allin na gangarowa ƙasa, ja da shuɗi sun cakuɗe. Ya tafi gida yana jin ya yi wa unguwa aiki.

Washegari da sassafe aka aiko masa cewa Sista na nemansa. Ya taho da sauri, yana shirya yadda zai ce mata ba sai ta yi godiya ba.

Ya tarar da ita a ƙofar ɗakin baya, hannunta biyu a ka. Tela na tsaye a gefenta, ta baro shago da sauri har da almakashi a hannu. Duk su biyun bangon suke kallo, fari fat, yana ta ƙyalli.

"Malam," Sista ta ce a hankali, "wa ya yi wannan?"

"Ni na sa. Ai ya yi kyau ko?"

Sista ta zauna a ƙasa, nan kan siminti, da fararen kayanta.

Tela ce ta yi masa bayani, muryarta ba hawa ba sauka. Zanen nan unguwar ce gaba ɗayanta. Kowane akwati gida ne, gida ɗari huɗu da wani abu. Jar da'ira, akwai mai ciwon da ba ya rabuwa da magani. Shuɗin ɗigo, akwai mai juna biyu. Gajerun layuka, yaran da ke jiran rigakafi. Gicciye, tsoho ko tsohuwa da ke zaune su kaɗai. Jan farcen nan kuwa gidan da ke da mota ne, wanda mai shi ya yarda a buga masa ƙofa in an matsu. Mata ashirin da uku ne ke aikin, kowace da layinta. Duk Asabar su zo su gyara abin da ya canja. Shekara shida ke nan.

"To me ya hana ku rubuta suna?" ya tambaya.

"Ciwon mutum sirrinsa ne. Ba ma rubuta suna, ba ma ɗaukar hoto, kada ya yi yawo a waya. Kuma rabinmu ba su yi karatu ba, amma babu wadda ba ta iya karanta bangon nan."

"Ai da kun sa a littafi. Haka ake aiki."

"A takardarmu ta farko mun roƙi kwamiti littattafai da kabad mai makulli. Ka karanta ta?"

Bai karanta ba. Layin farko ya gani, ya ga kalmar kujera, ya ninke ta.

Sista ta ɗago kai. "Shi zan nuna wa baƙin nan gobe, Malam. Rajistata wanda ya zo kawai take nunawa. Bangon ne ke nuna wanda bai zo ba, da wadda ta bi shi gida. Ba ni da wata shaida bayan shi."

Malam Tsari ya zaro makullin gidansa ya fara kankare fentin, wai ko zanen na nan a ƙasa. Ya kankare wuri ɗaya, ya koma wani. Babu komai sai siminti wankakke. Shi da bakinsa ya ce a wanke tas, mai fenti kuma ya bi umarni.

Ya juyo wajen Tela. "Za a iya sake zanawa kafin gobe?"

Ta taɓa bangon da yatsa, ta nuna masa. Fentin mai ne, shafi biyu, bai bushe ba. Alli ba zai kama ba.

Ya tsaya yana jiran ta ce to ga sharaɗinta. Da shi ne a matsayinta, abin da zai yi ke nan, ya ce kujera ko a rufe. Ita kuwa sai ta gyara tef ɗin wuyanta ta ce, "Ba ma ciniki da lafiyar mutane. Zan zagaya in gaya wa matan. Maganar kujera kuma tana nan, ba ta mutu ba." Ta wuce ta bar shi da makulli a hannu.

Da ya koma gida da rana ya kasa cin abinci. Su biyu ne kawai a gidan, shi da matarsa, yara duk sun girma sun kama gabansu. Ya ba ta labari yana ta maimaita tambaya ɗaya: shekara shida ana abu a unguwar da yake shugabanta, me ya sa ba wanda ya gaya masa?

"Duka aka shafe?" ta ce.

"Duka."

Ta kwashe kwanukan ta fita da su.

Ranar Alhamis da hantsi baƙi suka iso. Shugabarsu wata likita ce mai furfura da tabarau, sai maza biyu riƙe da fayil. 'Yan kwamiti goma sha ɗaya sun jeru a baranda, kaya sun sha guga, turare na tashi. Malam Tsari ya zaro jawabi mai shafi huɗu. Bai gama shafin farko ba likitar ta ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, mun gode. Mutum nawa ne a unguwar nan ke shan maganin hawan jini, kuma nawa ne suka daina sha?"

Ya juya ya dubi sakatare. Sakatare ya buɗe littafin taro yana ta juya shafi, alhali ya san ba abin da ke ciki sai maganar kwalbati da fitilun titi.

"Mata nawa ne za su haihu a watan nan?"

Sakatare ya ci gaba da juya shafi.

"Tsofaffin da ke zaune su kaɗai fa, wa ke leƙa su?"

Wani daga cikin 'yan kwamitin ya ce ai unguwar akwai zumunci sosai. Likitar ta dube shi ta saman tabarau, ta rufe fayil ɗinta. Malam Tsari ya ji sautin rufewar har cikin ƙirjinsa. Asibitin da ya tarar a buɗe, shi ne zai zama sanadin rufe shi, da bokitin fenti ɗaya.

Sai ga mata suna shigowa harabar. Tela a gaba, riƙe da gwangwani cike da allin ɗinki. Bayanta mai kitso, da malamar makaranta, da mai sayar da gawayi hannunta baƙi ƙirin, da mai wankau, da wata tsohuwa da ake riƙe wa hannu. Su ashirin da uku cif, wasu da goyo, sannan wasu matan unguwa sun biyo su don su gani.

"Likita, a ba mu rabin awa da wannan filin simintin," in ji Tela.

Ba wadda ta jira a ce mata fara. Tela ta ja babban titi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Kowace mace ta nufi inda layinta ya kamata ya faɗo, ta durƙusa ta hau zana gidaje. Ba gardama, ba tambaya, sai dai wata ta ce wa wata, "Matsa kaɗan, rijiyar tana nan." Da'ira ja, ɗigo shuɗi, gicciye, kowane yana komawa wurinsa daga ka.

Malam Tsari ya saki baki. Mai gawayin nan, shekara nawa yana wucewa ta gabanta bai taɓa sanin tana da wani aiki bayan awon gawayi ba. Ga ta nan tana gaya wa likita cewa a layinta mutum huɗu ke shan magani, ɗaya ya daina wata biyu da suka wuce don yana sa shi jiri, ta kawo shi wajen Sista an canja masa.

Likitar ba ta yarda haka kawai ba. Ta nuna wani gida mai gicciye da bakin biro, ta tura ɗaya daga mutanenta tare da Sista su je su gani. Ba su jima ba suka dawo. Tsoho ne makaho, shi kaɗai, kuma ya ce a gaishe da mai wankau, jiya ma ita ta yanke masa farce.

Likitar ta cire takalmanta, ta shiga cikin zanen tana taka tsakanin layuka don kada ta goge ko ɗigo ɗaya. Can ta tsaya ta ce, "Wace ce a cikinku 'yar kwamiti?"

"Babu," in ji Tela. "Kundi ya ce magidanta."

Likitar ta juyo ta dubi mazan nan goma sha ɗaya, ɗaya bayan ɗaya. Don ya kauce wa idonta, Malam Tsari ya sunkuyar da kai yana bin zanen da kallo. Ya gane kwanar kanti. Ya gane layinsu. Gida na ɗaya, na biyu, na uku nasa. Mai kitso ce ke riƙe da layin, kuma a gaban idonsa ta ɗauki jan alli ta zagaye gidan.

"An yi kuskure a nan," ya ce da sauri, har da ɗan jin daɗin ya kama su da laifi. "Wannan gidana ne. Babu mai ciwo a gidana."

Mai kitso ba ta ɗago ba. "Ba a yi kuskure ba, Malam."

"Yaya ba a yi ba? Mu biyu ne kawai a gidan, ni kuma lafiyata ƙalau."

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Ya juya a hankali yana neman fuska ɗaya cikin matan da suka biyo baya. Tana can ƙarshe, ta jingina da ginshiƙin baranda.

Matar tasa ce ta tako da kanta ta ja shi gefe, suka zauna a benci. Ta buɗe jakarta ta miƙa masa katin asibiti. Ya tsufa, gefunansa sun lanƙwashe, an cika shi gaba da baya.

"Zuciya ce," ta ce. "Shekara uku ke nan. Duk Litinin Sista ke auna ni a nan, ita ke lura da maganin. In za a kai ni babban asibiti, Tela ke rufe shagonta ta raka ni. Ranakun da nake ce maka zan leƙa ƙanwata."

Ya riƙe katin da hannu biyu, ya kasa karanta komai a ciki. "Shekara uku. Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Sau biyu na fara. Na farko kana rubuta jawabi, ka ce in bari sai ka gama. Na biyu na ce maka ƙirjina na yi mini nauyi, ka ce irin ciwon nan na mata ne, in je wajen mata." Ta karɓi katinta ta mayar jaka. "Sai na je."

Ba ta faɗa da fushi ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Dattijon da bai taɓa rasa abin cewa a taro ba ya zauna, hawaye na sauka kan rigarsa mai guga, a gaban baƙi da 'yan kwamiti da matan unguwa.

Likitar ta bar su sai da suka taso. Sannan ta ce za ta rubuta cewa asibitin ya ci gaba da aiki, don ba ta ga irin wannan bibiyar ba a duk inda ta zaga. Amma takardar tana buƙatar sa hannun masu yin aikin, kuma ba za ta karɓi na masu jawabi a madadinsu ba.

Malam Tsari ya share fuska ya je gaban Tela. "Kujera nawa kuke so?"

"Ba kyauta muke nema ba, Malam. A cire kalmar nan daga kundi, a yi zaɓe, kowa ya tsaya. Har kujerarka."

Ya ce ya yarda. Bayan sati uku aka yi zaɓen, mata shida suka shiga kwamiti, Tela ta kayar da shi da rata mai yawa. Bai yi jayayya ba, da hannunsa ya miƙa mata makullan ofis.

Amma duk wanda ya zauna da shi daga baya zai gaya muku ba faɗuwa zaɓe ce ta tsaya masa a rai ba. Hanyar komawa gida ce, a ranar Alhamis ɗin nan. Ya fito daga asibitin ya kama tafiya irin tasa, da sauri, kai a sama. Sai ya tuna, ya waiwaya. Matarsa na can baya, ta dafa bangon wani gida tana mayar da numfashi.

Ya koma ya tsaya kusa da ita har ta huta. Suka ci gaba, ya rage sauri daidai da nata. Kafin su kai ƙofar gida sau huɗu ta tsaya, a tafiyar da shi yake yi cikin minti biyar. Shekara uku yana ganin tana bin sa can a baya, yana jin daɗi a ransa wai girmama shi take yi. Ashe numfashi ne ba ya isar ta.

Darasi: Aikin da ba ka gani ba, ba shi ke nuna ba a yin sa ba. A unguwanni da yawa mata ne ke riƙe da marasa lafiya da tsofaffi da yara, ba albashi ba yabo, sannan a rufe musu ƙofa ranar yanke shawara. Wanda ke ɗauke da nauyin jama'a yana da haƙƙin a ji muryarsa a kuma ƙirga hannunsa, mace ce ko namiji. Kafin ka raina abin da ba ka gane ba, ka tambaya, kuma ka fara da sauraron wadda ke cikin gidanka. Ku tura wannan labari ga 'yan uwa da shugabannin unguwanninku, wataƙila akwai mai shirin kiran mai fenti.